Makaraya da Takobin Gado

A Tugaya, bakin tafkin Lanao, in aka ce wane ya fiye zargi, sai a tambaya: ya kai Makaraya? Mutum ne da ko sallama ka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta. Matarsa Sinab ta sha cewa da ita ƙarfe ce, da tuni ya goga mata lemon tsami ya ga ko jabu ce.

A gaskiya sana'a ce ta mayar da shi haka. Masu tara tsofaffin takubba daga Manila shi suke kawo wa kiris, takobin nan mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji, ya faɗa musu tsoho ne ko kuwa jiya aka ƙera. Garin kuwa na maƙera ne, sun iya sa wa sabon ƙarfe tsufa: a binne shi a taɓo, a kyafe kuben a hayaƙin ɓawon kwakwa. Sai Makaraya ya wanke ruwan takobin da lemon tsami har zanen ƙarfen ya fito, ya sa farce a kafaɗar takobin, can kusa da mariƙi, ya ji ko daban aka ƙera ta aka haɗa yadda magabata suke yi, ko kuwa layi kawai aka ja da magagari. Ƙarya yake kamawa tun safe har la'asar, to ina zai yarda da mutum?

Abu ɗaya ne a duniya bai taɓa zarginsa ba, kiris ɗin mahaifinsu, mai mariƙin hauren giwa da aka sassaƙa da siffar kan aku, an naɗe wuyansa da zaren azurfa. Makaraya ne babba, a hannunsa aka bar shi. Da ƙanensa Pangkoga zai aurar da ɗansa, ya zo aro don ango ya soka a ɗamara, kamar yadda ake yi wa 'ya'yan gidan. Makaraya ya bayar, ransa ba ya so.

Bayan biki takobi ya dawo. Makaraya yana zare shi ya ga kamar ba shi ba ne. Azurfar ta yi haske fiye da da, ruwan kuma ya fito daga kube sulu, ba wannan 'yar gardamar da ya sani. Sai ya tuna sabon surukin Pangkoga dillalin takubba ne. Shi ke nan, abinci ya daina shiga.

"Kai dai ba ka da dama," in ji Sinab. "Ɗan'uwanka ne fa, ciki ɗaya. In ka tozarta shi, wallahi ba zai sake taka gidan nan ba."

"Ciki ɗaya ba ya hana musanya," ya ce.

Ya aika aka kira Pangkoga. Ya shigo da fara'arsa, har da ɗaurin busasshen kifi a hannu.

"Me kuka yi wa takobin Baba?"

"Toka muka sa muka goge azurfar, Yaya, aka ɗan shafa man kwakwa a kuben. Ango zai fita da abu baƙi ƙirin?"

"Toka ko? To zauna."

Akwai wuri ɗaya da masu jabu ba sa wahalar da kansu a kai, wutsiyar ƙarfen da ke ɓoye cikin mariƙi. Don a gan ta sai an ɗumama ruwan takobin har danƙon da ya riƙe ta ya narke. Makaraya ya yi wa na mutane haka ba adadi, a hankali, da jiƙaƙƙen tsumma a mariƙi. Ran nan dai zuciya ta ɗebe shi, ya cusa ƙarfen cikin gawayi yana fifita da ƙarfi.

Sai a sannan Pangkoga ya gane abin da ake nufi. Ya ajiye kifin a ƙasa.

"Haba Yaya! Ni?"

Makaraya bai ko ɗago ba. Ya kama mariƙin ya murɗa, sai ji aka yi ƙas! Hauren ya dare gida biyu a tafin hannunsa. Ga wutsiyar ƙarfen nan ta fito, baƙa wuluk da tsatsar kaka da kakanni, da sawun gudumar maƙerin da ya daɗe da rasuwa.

Sinab ta dafe ƙirji tana salati. Pangkoga kuwa muryarsa ko rawa ba ta yi ba.

"To ka gani. Na Baba ne?"

"Nasa ne," in ji Makaraya, da ƙyar.

Pangkoga ya sunkuya ya ɗauki ɓari ɗaya na kan akun, ya goge shi da bakin zanensa.

"Wannan rabona ne na gado. Riƙe sauran, kai ne gwanin dubawa."

Har yau ana kawo wa Makaraya takubba, kuma idonsa bai taɓa kuskure ba. Jikokin Pangkoga kan wuce ta ƙofar shagonsa in za su makaranta, ba su san shi ba.