Gonar Kulu a Lambara Take

Ni da Na'Allah tare muka yi aiki a wani ofis a Bodinga zamanin Jamhuriya ta Biyu, shi mai buga tafireta, ni masinja. Da tsuke bakin aljihu ya zo, rana ɗaya aka sallame mu. Ya koma noman albasa a Dingyaɗi da tsohuwar tafiretarsa a ka. Mutum ne mai taurin kai, wallahi, ko ciwo yake yi ba ya faɗi.

A kan tafiretar nan ya koya wa ɗiyarsa Zulaihatu rubutu. Shi ya buga, ita ta bi da jan biro tana kama masa kuskure. Ta girma, ta karanci kwamfuta, aiki ya kai ta Legas. Can ta ƙirƙiro manhajar da ke tuna wa manoma lokacin shuka da ban ruwa, irin wadda kowa ke iya sa hannu ya gyara kyauta. Bayan rasuwar uwarta Kulu, sai ga tsoho da furfura ya duƙufa koyon rubuta manhaja! Muka yi ta yi masa dariya. Ni dai na san dalili. Duk gyaran da ya tura, Zulaihatu ke dubawa, ta rubuto: "Baba, ka manta abu kaza." Sai ya wuni yana karanta mini saƙon.

Da masu sa hannu suka yi yawa, ta sa na'ura ta riƙa duba gyare-gyaren. Na'Allah ya raɗa mata suna Sufeto. Kafin ka kurɓi shayi Sufeto ya jero kurakurai. Ka gyara, ya ba ka koren maki, aikin ya shige. Wata huɗu ba kalma ɗaya daga Zulaihatu a wurin, waya kuma sai gaisuwa a gurguje.

Na ce, "Kai tsoho, kira ta ka ce kana kewarta mana!"

Ya ce, "Aiki ya yi mata yawa. Mi zan ce?"

Ya fara yin kuskure da gangan, ko Zulaihatu za ta tanka. Ina! Sufeto ya kama su tas, har da godiya. Ranar na ga idonsa ya kawo ruwa, ni ma zuciyata ta karye.

To, a cikin manhajar akwai gonar misali da ake gwaji da ita, wadda Zulaihatu ta sa wa suna Gonar Kulu, Lambara, garin uwarta. Na'Allah ya goge Lambara ya rubuta sunan wani gari daban, Horo Birni. Sufeto bai san Kulu ba, ya ba shi kore.

Kwana tara yana duba waya a bakin rumbun albasa. Ran na goma saƙo ya shigo: "Baba, gonar Inna a Lambara take. Kai ka kai ni can a keke. Ka fara mantuwa ne? Ina tafe ran Juma'a."

Na ce, "Haba, gaya mata gaskiya, kar ta ɗauka ka ruɗe."

Mutumin da bai taɓa yarda a ce ya gaza ba ya kife wayar a cinya, ya ce, "Bar ta ta ɗauka. In dai za ta zo."