Ɗurin Ƙarshe na Na'Allah

Duk wanda ya girma a ƙauyukan kudu da Gidan Rumji ya san Ɗanasabe Mai Sanda, ko da gaisuwa ba ta taɓa haɗa su ba. Manomi ne kamar kowa, gero da wake, sai ƴan tumaki a bayan gida. Abin da ya fitar da sunansa shi ne wasan bindiga da maharba ke yi kowace shekara in amfanin gona ya shiga rumbu. Ranar nan shi ne ƙofa. Yakan tsaya a bakin fage da wata sandar geza mai zane a jiki, duk wanda ya zo da adakarsa ya miƙa masa, shi kuma ya zura sandar a bakinta. In albarushi ne da tsumma kawai, sandar ta san inda take tsayawa. In kuwa mutum ya manta da ƙarfe a ciki tun daga farauta, sai Ɗanasabe ya ce masa ya koma gida ya gaida iyali. Tsaron ke nan gaba ɗaya, kuma har ya yi furfura ba a taɓa ɗaukar kowa ranga-ranga daga fagen ba, in ban da wani mai tallar alewa da tsoro ya sumar.

A lokacin mutane kan zo daga Tibiri, wasu daga tsallaken iyaka, bindiga a kafaɗa kamar fartanya, ba mai tambayarsu. Mata na suyar ƙosai dab da masu harbi. A zuba kirari, a saita ƙasa, a saki, hayaƙi ya rufe kowa ana ta dariya da tari.

A cikin masu harbin babu kamar Na'Allah, abokin Ɗanasabe tun suna kiwon awaki. Shi ba ya ɗuri da tausayi. In ya saki tasa, kwanuka kan yi kuka a ɗakunan mata, matarsa Binta kuwa ko tana bakin murhu takan ce, "Ga mai gidana nan ya gaida gari." Ɗanasabe ya sha gaya masa wata rana bindigar za ta tafi da yatsunsa, shi kuma ya ce matsoraci ne aka ba sanda don kada ya riƙe bindiga.

Sai ɓarayin daji suka fara tsallako iyaka. Ƙarar da ke tara mutane ta koma mai watsa su. Wata rana wani saurayi ya harbi tsuntsaye a gona, rabin gari ya bazama cikin kara, wata tsohuwa ta karye a ƙugu. Daga nan hukuma ta hana harbi ko'ina, sai a fage ranar wasa. Da fari jandarmomi kallo suke zuwa. Shekara ta zagayo suka kewaye fagen da igiya, aka tura mata da yara can nesa. Baƙin tsallake suka daina zuwa. Daga bisani aka ce kowace bindiga ta shiga wayam, albarushi kuwa a hannun jandarma za a karɓa, cokali ɗaya, kamar maganin tari. Ɗanasabe bai daina tsayawa da sandarsa ba, sai dai ba mai miƙa masa komai. Abin na ci masa rai, amma bai ga laifinsu ba, don shi ma ya je jana'izar waɗanda aka kashe a gonakinsu.

A tsakiyar damina ciwo ya kwantar da Na'Allah. Maharban yankin suna da al'ada: in mutum ya ji alamar tafiya ta zo, yakan ɗura bindigarsa da hannunsa, abokinsa ya harba ta a fage a gaban jama'a. Sallamarsa ke nan da ƴan uwa, kuma sai bayan nan magaji ke taɓa ta. Na'Allah ya sa aka jingina shi da bango, ya ɗura tasa, ya danna har ƙarfinsa ya ƙare. Ya miƙa wa Ɗanasabe ya ce, "Matsoraci, wagga taka ce. Ka bari gari shi ji ni." Bai kai kaka ba.

Tun daga nan Ɗanasabe bai huta ba. Maigari ya ce abin ya fi ƙarfin rawaninsa. Ɗanasabe ya hau babur ya je buro, ofishin jandarmomi, a Gidan Rumji, aka ce babbansu yana sintiri, ya sake komawa aka ce doka ba ta da ƙofar baya. Ya yi tunanin shiga daji da ita, sai ya tuna tsohuwar nan da har yanzu take jan gindi. Ga shi kuma Na'Allah ba daji ya ce ya ji shi ba.

Ranar wasa ya naɗe bindigar a zane ya bi layi. Jandarman da ke bakin igiya, wani matashi mai suna Abdulaziz, ya saurare shi tsaf, har ya cire hula da aka ambaci mamaci. Ɗanasabe ya zura sandarsa ya nuna masa zanen, ya rantse ba komai ciki sai albarushi da tsumma.

"Baba, na yarda da kai," in ji Abdulaziz. "Amma in na bar taka, gobe wani zai zo da tasa ya ce ta mamaci ce, ni kuma ban san shi ba. Ko ka zazzage ta a nan, ko mu tafi da ita."

Ɗanasabe ya waiga wajen sauran maharba, kowa ya sunkuyar da kai yana gyaran takalmi. Ya durƙusa, ya karɓi waya mai ƙugiya, ya yi ta faman zaro ɗurin, don mutumin ko a bakin mutuwa bai yi ɗuri da tausayi ba. Da tsumman ya fito sai ya gane shi, bakin rigar sallar Na'Allah ne. Albarushin ya zuba cikin bokitin ruwan da aka ajiye don haka. Aka miƙo masa cokali ɗaya na albarushi, ya ɗura.

Ya shiga fage, maroƙi ya kira sunan Na'Allah, Ɗanasabe ya saita ƙasa ya ja kunama. Ta yi ƙara daidai gwargwado, irin ta kowa. Aka yi addu'a aka shafa.

Binta na tsaye bayan igiya cikin mata. Ya so ya bi ta wata hanya, amma ta riga ta hango shi. Ba ta tambaye shi komai ba, ta dai ce a hankali, "Malam Ɗanasabe, ina ta saurare, ban ji shi ba."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗan tsumman ya miƙa mata ta saman igiya. Ta duba, ta ƙulle shi a bakin mayafinta, ta juya ta nufi gida.