Babban Yatsan Kawu Manu

Duk Kangire an san Kawu Manu, yayan mahaifiyata, da abu biyu: tufkar igiya da rashin cewa wayyo. Igiyarsa ta rama har daga Gwaram ake zuwa saye, don ko bijimi ne ya fusata ba ya tsinka ta. Rashin cewa wayyon kuwa tun yana saurayi ya samo shi a filin shaɗi, inda aka farfasa masa ƙirji da bulala yana murmushi. Mutane suna kiran wannan jarunta. Ni taurin kai nake kiransa, kuma ina da hujja.

A shekarar 1976 ina aikin yankan kati a wani asibiti a Birnin Kudu. Ran nan sai ga Kawu da hannu naɗe da tsumma. Lauje ya yanke shi a tafin hannu tun jiya, babban yatsansa na dama ya ƙi lanƙwasuwa. Likitan, wani Ba'indiye mai haƙuri, ya ce jijiya ce ta tsinke, in ba a ɗinke ta ba, Kawu da tufka har abada. Aka kira ni in yi tafinta.

Likita ya ce ba za a sa shi barci ba, domin yana so Kawu ya motsa yatsan ana cikin aiki, a ga ko ɗinkin ya kama. Ya yi masa allurar kashe zafi, ya ce a jira rabin awa. In an yi sauri maganin bai ratsa ba, in an daɗe sosai ya sake. Na fassara masa dalla-dalla.

"Kawu, a kan bencin nan za ka zauna. Rabin awa kawai."

"Na ji, 'yar boko."

Na koma tagata ta yankan kati na sallami mutum biyar. Da na waiwayo, benci wayam.

Ashe ya ji labarin wani Buba na Basirka yana kwance a ɗakin maza, kuma a wurin Kawu abin kunya ne ka shigo gida da mara lafiya a ciki ka zauna ba ka duba shi ba. Ya gaida Buba. Ya gaida na kusa da Buba. Ya bi gado goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar kowa jiki da iyali da shanu. Daga nan aka kira azahar, ya tafi masallaci, a masallaci kuma ya haɗu da wanda aka yi wa rasuwa, ya bi shi gida ta'aziyya. Ni kuwa har tashar mota na je nemansa. Sai da aka yi la'asar ya dawo, yana tafe a hankali kamar shi ne likitan.

Likita ya dubi agogo, ya dube ni, ya kwantar da shi. Ya ɗauki allura ya tsikari tafin hannun.

"Tambaye shi ko yana jin zafi."

"Ko kaɗan," in ji Kawu.

Ya ƙara tsikara, wannan karon a bakin ciwon. Sai na ga Kawu yana murmushi, haƙora duk a waje. Mutumin da ko ranar sunan ɗansa bai yi murmushi ba!

Na ce wa likita da Turanci, "Ƙarya yake yi. Yana ji sarai."

"Me kika ce masa?" in ji Kawu.

"Na ce maganin ya sake, a ƙara maka."

"A ƙara wa wa? Ke, Ruƙayyatu, ni za ki tozarta a gaban baƙo? Ce masa ya yanka."

Likita ya ce ba zai taɓa wuƙa ba, domin jijiyar siririya ce, hannu ya ɗan zabura kaɗan aiki ya lalace. Kawu ya ce shi kuma ba mai ƙara masa allurar ragwaye. Ya fara laluben takalmansa.

Sai na ce, "Kawu, allurar tana tsayar da jini ma. Dubi farar rigar bawan Allahn nan. So kake ka ɓata masa ita?"

Ya dubi rigar ya daɗe. "To, saboda rigar," in ji shi.

Aka ƙara. Na kwashe takalmansa na zauna a kansu, na kafa masa agogona a gaban ido har rabin awa ta cika. Sau uku yana cewa ya manta bai yi wa Buba sallama ba.

Ana cikin ɗinki likita ya ce, "Baba, lanƙwasa." Yatsa ya lanƙwasu. Kawu ya kalle shi, ya ce da ni cikin ɓacin rai, "Yanzu fa da gaske ba na jin komai. To wane irin aiki ne wannan?"

Bayan wata uku ya koma tufka. Igiyar farko da ya gama ya kawo wa likita, mutumin da ko akuya ba shi da ita. Ni kuwa ya wuce tagata bai ko kalle ni ba, ya aiko Inna, mahaifiyata, ta faɗa mini cewa ba ni da kunya.