Sama'ilu Mai Zuma da Hukumar Hanya

Baba Sama'ilu mai zuma ba ya ɗaga murya. Ya ce ƙudan zuma ne suka koya masa haka, don ba sa son hayaniya. In ka zauna kusa da shi a ƙofar gidansa da ke bayan duwatsun Roni, sai ka matso sosai kafin ka ji, kuma yakan tsaya a tsakiyar magana ya lumshe ido, kamar akwai wani sauti da yake saurare wanda kai ba ka ji.

Ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, tare da waɗansu ɗorawu a gefen gonarsu inda ake rataye amya, wato ɗakin ƙudan zuma da ake saƙawa da ciyawa. Ya ce in ɗorawa ta yi fure, jajayen furannin suna reto, itacen gaba ɗaya yakan riƙa guna a hankali. A nan yake ƙailularsa. Matarsa Shatu takan tsokane shi ta ce, "Malam, ni dai aure aka ɗaura mana, amma ƙudan nan ne iyalinka."

A shekarun da Turawa suka sa a faɗaɗa hanyar mota zuwa Kazaure, leburori suka iso gefen gonar da rani. Suka sa wa ciyawa wuta don su share wuri, aka tashi aiki, suka tafi ba su kashe ta ba. Kafin la'asar wuta ta cinye ɗorawun, amyoyin sun zama toka. Ɗorawa guda ɗaya ta tsira, rabin jikinta baƙi ƙirin. Baba Sama'ilu ya ce ya ga ƙudan sun tashi sun haɗu da hayaƙi, sun yi arewa, bai iya bambance su da hayaƙin ba.

Washegari helman leburori, wani Babarbare mai suna Mele, ya sara wa ɗorawar da ta rage alama da gatari. Tunda ta ƙone, in ji shi, gara a kayar da ita hanya ta miƙe.

Sama'ilu ya yi wanka, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya tafi zauren alƙali.

"Wa kake ƙara?" in ji muhuti, mataimakin alƙali.

"Hukumar hanya."

Muhuti ya ajiye alƙalami. "Ina gidanta? 'Yar wace unguwa ce? Ɗan dokan da zai kai sammaci, wa zai yi wa sallama?"

Zauren ya ɗauki dariya. Sama'ilu ya jira aka gama, sannan ya ce shi ma bai san gidanta ba, amma ya ga aikinta. Alƙali tsoho ne mai son jin abu har ƙarshe. Ya tambaye shi abin da yake nema.

"Allah ya gafarta Malam, waɗanda suka ƙone sun ƙone. Wadda ta rage nake so a bari. In ƙudana suka dawo, su sami inda za su sauka."

Aka aika da sammaci, ya yi ta yawo daga ofis zuwa ofis, ƙarshe dai Mele aka turo ya tsaya a madadin hukuma. Alƙali ya nemi shaidu. Duk maƙwabtan da suka ga wutar sai suka tuna ranar suna kasuwa. Sama'ilu bai riƙe su a zuciya ba. Ya ce mutum da iyali ba ya son sunansa ya je kunnen Bature.

Tunda mai ƙara ba shi da shaidu, rantsuwa ta koma kan wanda ake ƙara. Aka ce Mele ya yi alwala ya rantse hukuma ba ta yi sakaci ba. Ya fita ya yi alwalar, ya dawo ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya miƙa hannu wajen Alƙur'ani. Sai ya tsaya.

"Allah ya gafarta Malam, in tambaya. In na rantse, abin ya zama ba haka ba, wa za a kama ranar gobe, ni ko hukuma?"

"Wanda ya dafa," in ji alƙali.

Mele ya janye hannunsa ya sa a aljihu. "To ni helma ne. Albashina bai kai nan ba. Hukuma ta zo da nata hannun."

Muhuti ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Alƙali ya ce wanda ya ƙi rantsuwa ya mayar da ita ga mai ƙara. Sama'ilu ya rantse, a hankali yadda ya saba, har sai da aka ce ya maimaita. Alƙali ya yanke cewa kada a taɓa itacen. Ya ƙara da cewa bai san iyakar inda maganarsa take kaiwa ba, amma ya faɗa.

A hanyar komawa Mele ya cim masa. "Baba, ka kusa sa ni wuta a kan ƙuda."

"Kai ka fara sa musu," in ji Sama'ilu. Suka yi dariya, suka taho tare.

Babu wanda ya san ko hukuncin ya isa kunnen manya. Mele dai ya tumɓuke turakun awo ya matsar da su gefe, hanya ta ɗan karkata ta wuce. Sama'ilu ya saƙa sabuwar amya, ya turara ta, ya rataye a reshen da ya rage da rai. Damina ta wuce babu komai. Wata ma ta wuce. Shatu ta daina tsokana, ta koma aiko masa da fura can gindin itacen.

Wata bazara yana kwance da rana, rabin ɗorawar ya yi fure, sai ya ji guna a samansa, sirara, kamar daga nesa. Ya ce ya sha jin haka a mafarki, ya buɗe ido ya ga wayam. Saboda haka ya ƙi buɗewa. Yana nan kwance har inuwa ta janye daga ƙafafunsa, rana ta fara cizonsa, gunar ba ta tsaya ba. Sai wani abu ya sauka a bayan hannunsa, yana tafiya da 'yan ƙafafu.

Shekarar nan bai ɗebi zuma ba. Ya ce baƙi ne, a bari su zauna tukuna.