Wa Zai Ɗumama wa Kaka Ruwa

Jiya da safe ina fitowa daga unguwar Nukkai a nan Jalingo zan tafi ofis, hayaƙin jiƙaƙƙen itace ya shigo mini mota daga murhun wata mai ƙosai, sai da na gangara gefen titi na tsaya. Kai mai karatu, wataƙila a wurinka hayaƙi ne kawai mai sa hawaye. Ni kuwa warin gidanmu ne na unguwar Turaki a tsakiyar damina, ranar da aka yi rasuwa a unguwa.

A gidan haya na tashi, ɗakuna a jere, rijiya ɗaya a tsakar gida. Kakata ta wajen uba Kirista ce, Mumuye, 'yar ƙaramar mace mai faɗan tsiya. Ƙofarta na kallon ta wata Bafulatana Musulma da kowa ke kira Goggo. Kullum cikin tsokanar juna suke. Kaka ta ce tuwon Goggo ko kaza ba ta tsattsaga, Goggo ta ce muryar Kaka ce ke korar mutane daga coci. Hausarsu duka a karye take, mace ta koma namiji, amma ba ranar da ɗaya ta kasa gane zagin ɗaya.

Su biyun ne masu wankan gawar mata a unguwarmu. In Musulma ce ta rasu, Goggo ke shiga ɗaki, Kaka ta tsaya a murhu tana ɗumama ruwa tana miƙawa daga bakin ƙofa. In Kirista ce sai su juya. Ba liman ne ya tsara musu haka ba, ba kuma fasto ba. Ruwan nan ba a yi masa garaje, da gwiwar hannu ake gwada shi kamar na jariri. Da damina in itace ya jiƙe, Kaka kan durƙusa tana hurawa har idonta ya kaɗa ya yi ja, kuma duk wanda ya ce mata ai mamaci ba ya jin sanyi, sai ta tambaye shi wa ya je ya dawo ya gaya masa.

Da na girma na kama aikin gwamnati, na tarar kalma ɗaya ta Turanci ta cinye mana baki, wato sabis. Shekarun da ka yi a ofis sabis ne, sujadar Lahadi sabis ce, juye baƙin mai sabis, waya in ta ƙi shiga a ce babu sabis. Kaka ba ta yarda a zuba komai a buhu ɗaya haka. A wurinta aiki shi ne wanda ake sallamarka in ka gama. Taimako sai an roƙa. Bauta ta Allah ce shi kaɗai. Hidima kuwa ita ce wadda kake tashi ka yi ba a aiko ka ba, wani lokacin ma wanda ka yi wa ba shi da bakin gode maka.

Ina sakandare mutanenmu suka fara ajiye gawa a mutuware har 'ya'ya su hallara. Kaka ta je ganin gawar wata ƙawarta ta zumuntar matan coci da ta yi wata biyu a can, ta dawo ta kasa cin abinci. Ta kira ni a gaban Goggo, ta riƙe mini wuyan hannu.

"Kai, ka ji da kyau. Ranar da na mutu, kar a sa ni a firji kamar kifi. Wannan tsohon banza zai ɗumama ruwa, matan zumunta su wanke ni, a rufe ni kafin kwana biyu."

Na yi dariya na ce na ji. Goggo ta ce ita dai za ta ɗumama, amma kada Kaka ta tashi tana mitar ya yi zafi.

Shekaru suka ja. Babana ya rasu. Shekarar da gari ya yamutse kowa ya nemi unguwar 'yan'uwansa, ɗan Goggo ya ɗauke ta zuwa garin Sunkani, ni kuma na ɗauko Kaka muka dawo Nukkai. A ɗakina ta cika, wata safiya cikin watan Agusta, bayan ta sha kununta ta ce ya yi tsami.

Kafin rana ta take wayata ta yi zafi. Ƙannen babana uku ne, ɗaya a Legas, ɗaya a Abuja, ɗaya a ƙasar waje. Babbansu ya ce mace mai 'ya'ya irinsu ba za a tura ta rami kamar kaza ba, sai an yi mako shida, a ɗinka anko, a buga hotonta a riga. Na faɗa musu wasiyyarta, suka ce ruɗin tsufa ne. Na daɗe ina gaya wa kaina sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma ƙarya nake yi. Gawar a ɗakina take, makulli a hannuna, matan zumunta zaune a tsakar gida suna jiran in ce a hura wuta. Tsoron bakin dangi na ji. Na bi motar ɗaukar gawa zuwa wani asibitin kuɗi, aka miƙo takarda, na sa hannu.

Washegari na koma kai zanen da za a lulluɓe ta, na tarar da Goggo a bakin ƙofar mutuware. Labari ya iske ta a Sunkani, ta shigo motar farko, a gidana aka kwatanta mata wurin. Ta ranƙwafa, ido ɗaya ya tafi. A gabanta ga tukunya, ga ɗan ƙullin busasshen itace ta naɗe shi a leda don kada ruwan sama ya taɓa shi. Ma'aikacin wurin, mutum mai ladabi, yana ta yi mata bayani.

"Mama, ba a hura wuta a nan. Wanka, allura, shiryawa, duka yana cikin sabis namu."

Ba laifinsa ba ne, aikinsa yake yi. Goggo ta roƙa a bar ta ta gan ta, aka jawo akwatin ƙarfen. Ta ɗora bayan hannunta a kumatun Kaka, ta janye da sauri kamar ta taɓa garwashi. Da muka fito ta tambaye ni wa ya sa hannu. Na ce ni ce.

"Ɓingel am," ta ce, haka take kirana tun ina goye, wato ɗiyata. "Allah ya ba ka mai ɗumama maka."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauki tukunyarta da itacenta, ta ƙi in kai ta tasha.

An yi jana'iza ta gani ta faɗa. Rumfuna, 'yan kiɗa, shanu biyu, kowa na cewa an sha hidima. Ni na san kwana arba'in da biyu tsohuwar da ke tsoron sanyi ta yi a cikin ƙanƙara, kuma ni na kai ta. Goggo ba ta zo ba. Da bazara ta zagayo ita ma ta tafi, aka rufe ta kafin azahar, labari bai same ni ba sai bayan kwana uku. Na je gaisuwa, amma na kasa tambayar wa ya tsaya mata a murhu.

Yanzu Jalingo ta cika da masu yi wa mamaci komai, daga mota mai jiniya har masu ɗaukar akwati da rawa, kuma ba na kushe su, mutane sun watsu, dole wani ya riƙe. Sai dai gashina ya fara fari, addu'ar Goggo kuma ta ƙi barina. Nakan zauna a taron zumunta in bi fuskokin mata ɗaya bayan ɗaya, ina neman wadda addu'ar za ta faɗa a kanta. Babu wadda ta taɓa wanke gawa a cikinmu. Ni ma da nake ta nema, har yau ban taɓa hura wa kowa wuta ba.