Ranar da Na Kai wa 'Yan Rok Naman Layya

A shekarata ta biyu a garin Greensboro na Amurka ina haya a unguwar Glenwood, wani ɗan gidan katako mai ɗaki biyu, tafiyar minti goma a ƙafa zuwa jami'ar da nake karatu. Gidan da ke kusa da nawa ya daɗe a rufe. Ana saura kamar wata guda Babbar Sallah sai ga manyan motoci, ana ta sauke wayoyi da fitilu da baƙaƙen akwatuna. Na ɗauka gyara za a yi. Bayan kwana biyu, da la'asar sakaliya, sai na ji ƙasa na girgiza. Ganga ce da jita, da wani bawan Allah yana kurma ihu kamar an take masa yatsa. Kofunan da ke kan kantata har rawa suke yi.

Ashe makaɗan rok ne, kiɗan nan na Turawa mai hayaniya, su huɗu, wai a da sun yi tashe, yanzu tsufa ya fara kama su, aka tara su gida ɗaya ana ɗaukar zamansu don wani shirin talabijin: cinsu, faɗansu, shirmensu, komai. Wannan duk daga baya na sani. A lokacin iyakar sanina na yi sababbin maƙwabta, kuma ba sa tausayin kunnen jama'a.

Da Sallah ta zo, mu bakwai muka haɗu a kan sa ɗaya, aka yanka a wata gona a bayan gari. Wadda ta shirya komai wata dattijuwa ce 'yar zangon Kumasi, kowa Anti yake ce mata, tana aiki a wani katafaren sito a wani yanki na garin da ake kira Wendover. Ita ta kawo mini kasona a bayan motarta, ta wuce tana sauri don ta raba wa saura.

Na zauna na kasa naman kamar yadda na tashi na ga ana yi a gidanmu a Kano. Na ci daban, na dangi daban, na maƙwabta daban. To ni ina na ga dangi a nan? Sai na haɗe nasu da na maƙwabta. A unguwarmu ba a tambayar addinin maƙwabci kafin a kai masa nama, kuma ɗanye ake kaiwa, a kwano, a rufe, kowa ya dafa yadda ransa yake so. Wallahi ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa a wata ƙasar, baƙuwar mace ta ƙwanƙwasa ƙofa da ɗanyen nama yana ɗigar jini wani abu ne daban.

Na fara kai wa wata tsohuwar Baturiya da ke tsallaken titi, ta karɓa da kan yatsunta, ta yi godiya, ta rufe ƙofa da sauri. Ban kawo komai ba. Na dawo na ɗauki kwano na biyu, na tsaya ina kallon gidan makaɗan. Raina bai so ba. Amma a ce na tsallake gidan da ke jikin nawa na kai wa na nesa? Haba, ai abin kunya ne. Na gyara koren hijabina na Sallah na tafi.

Wanda ya buɗe ƙofar dogo ne, furfurarsa har gadon baya, ba riga, ƙirjinsa duk zanen ƙoƙon kai, kwallin idonsa ya ninka nawa sau uku. A bayansa mutum biyu ɗauke da kamara a kafaɗa, na uku ya miƙo wata doguwar sandar ɗaukar murya mai gashi a kai har saitin goshina. Da ina da wayo da a nan na juya. Sai na yi ta maza, na gaishe shi da Turanci, na ce yau idinmu ne, al'adarmu ce mu raba nama da maƙwabta.

Ya ɗaga murfin. Kwanon ya karkace, jini ya gangaro ya ɗiga a kan matakala. Mutumin nan ya kwarara ihun murna, ya kira sauran ukun. Ɗayansu ya zari tsoka guda ya ɗaga wa kamara, ya buɗe baki kamar zai gatsa. Suka kwashe da dariya. Ni ma na yi dariyar, Allah ya sani ba don ta zo mini ba. Haka aka raine mu, in masu gida suna dariya ba ka tsaya ka ɗaure musu fuska.

Ina shirin tafiya wata budurwa mai abin saurare a kunne ta biyo ni da takarda da biro, ta ce in sa hannu a nan da nan. Na sa. Ni da nake kwana uku a kan shafi ɗaya a makaranta, ina bin kowane layi da jan biro, ban karanta ko kalma ɗaya ba. A wurina, ka tsaya a ƙofar mutum kana bin takardarsa layi-layi kamar ka ce masa macuci ne. Ta yage kwafi ta ba ni, na yi mata godiya ma, don wauta.

Sai da na shiga gida na wanke hannu na karanta. Na yarda su yi amfani da fuskata da muryata a ko'ina, har abada, su datse su haɗa yadda suka ga dama. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a ƙasan kicin. Nan take na hango abin da mutanen garin nan za su gani: mace mai hijabi, ɗanyen nama, jini a bakin ƙofa. Ga gidana nan a gefe, ga titinmu, kuma ni kaɗai nake kwana a ciki.

Na kira Anti na gaya mata abin da ya faru. Ta ce, "Ei! 'Yata, ɗanye? A Amurka? Mu nan soyawa muke yi, mu sa a roba mai kyau, shi ma sai wanda muka sani!" Da ta ji na fara kuka sai ta sassauta. Ta ce in yi addu'a, gobe da safe in je in roƙe su.

Na je. Budurwar nan ta saurare ni tsaf, tana murmushi, sannan ta ce ba za ta iya yi mini alkawari ba, don a duk satin ba su ɗauki abin da ya kai nawa kyau ba. Dogon mai furfurar ya fito da kwanona a wanke. Ya ce sun gasa naman, bai taɓa cin mai daɗinsa ba. Da safe, ba kwalli, dattijo ne kawai mai ciwon gwiwa. Na roƙe shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba a hannuna yake ba. Mu ma yadda suka so suke nuna mu."

Bayan sati biyu suka kwashe kayansu suka tafi, suka bar ni da zullumi. Wata da watanni ina jira. Na ninke koren hijabin na tura ƙarƙashin akwati. A tashar bas ta cikin gari, duk wanda ya kalle ni sau biyu sai in ɗauka ya gane ni, alhali ko nuna shirin ba a yi ba. Na shiga neman irin waɗannan shirye-shiryen a intanet don in ga yadda suke yi da mutane, wai ko hankalina zai kwanta. Ina! Na ga yadda ake ɗaukar kallo ɗaya na mutum a jawo shi kusa, a sa masa kiɗa, ya koma mugu. Na rame har malamar da ke duba aikina ta tambaye ni ko lafiya.

Ran wata Asabar da rana aka sa shirin. A ɗakin Anti muka kalla, don ba zan iya ni kaɗai ba. Wurina bai kai minti biyu ba. Sun dusashe hasken, sun sa irin kiɗan fim ɗin ban tsoro. Gaisuwata da bayanin idi duk sun cire. Abin da suka bari shi ne inuwata a ƙofa, da jinin yana ɗiga a hankali, da dariyar nan tawa, sun maimaita ta har sau uku. A bayana ana ganin barandata da kekena a jingine. Anti ta riƙe hannuna tana cewa, "Ba komai, ba komai, Allah na nan," amma nata hannun ya fi nawa sanyi.

Ba a cika kwana goma ba, ina dawowa daga jami'a, wata mota ta rage gudu a gefena. Samari ne, ɗaya ya zuro waya ta taga yana ɗaukata, saura suna ihu da Turanci, "Mai nama! Ga mai nama!" Wataƙila ɗalibai ne kawai masu neman abin dariya. Ni dai ban tsaya tantancewa ba. Na zuba da gudu har takalmina ɗaya ya fita, na shiga gida na danna sakata, na tura tebur a bayan ƙofa. Kwana huɗu ban je aji ba.

Zangon karatu na ƙarewa na tashi daga Glenwood. Na koma wani dogon bene a Wendover, inda kowa yake fitowa daga mota ya shige ɗakinsa ba ko sannu. Da can irin wannan zaman nake zagi. Yanzu shi na nema da ƙafata.

Da wata Sallar ta zagayo, Anti ta kawo mini kasona. Na yanyanka, na ƙulla a leda, na jera shi duka a firiza har murfin yana ƙin rufuwa. Ina cikin wanke wuƙa mahaifiyata ta kira daga Kano. Bayan barka da Sallah ta ce, "Kin dai kai wa maƙwabta nasu ko?"

Na ce, "Na kai, Mama."

Ta ce, "Madalla. Allah ya yi miki albarka."

Na ce amin. A duk benen nan ko sunan mutum ɗaya ban sani ba.