Maɗacin da Baba ya dasa a Agege

Shekarun baya, ina aji uku a jami'a ina karatun aikin gona, aka sa mana darasin yadda jikin tsiro yake aiki. Kowa na tsoronsa, ni kuwa na ɗauke shi abin burgewa. Har gilashi na saya alhali idona ƙalau, don dai in yi kama da masana.

Wata rana malaminmu ya kai mu gonar makaranta, ya ɗauki wuƙa ya zagaye wata bishiya, ya ɗaye ɓawonta kamar zobe. Ya ce ruwa ta tsakiyar itace yake hawa, amma abincin da ganye ya haɗa, ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. In aka yanke ɓawo ya zagaye, ganye zai ci gaba da shan ruwa yana sheƙi wata da watanni, saiwa kuwa tana can ƙasa tana mutuwa da yunwa. Na rubuta, na ja layi, ban kawo komai a raina ba.

A gidanmu na Agege, a Legas, akwai maɗaci. Mahaifina, falken goro ne, shi ya taho da dashensa daga garinmu a cikin gwangwani, a bayan motar shanu, tun ba a haife ni ba. A Arewa maɗaci ba abin labari ba ne, ka shiga daji ka sassaƙa ka tafi. A unguwarmu kuwa shi kaɗai ne. Duk mai ciwon ciki ko zazzaɓi, daga mahauta har 'yan okada, gidanmu ake aikowa neman ɓawonsa. Dokar Baba ɗaya ce: a ɗiba ta gabas, a ɗiba ta yamma, a bar sauran. Bai taɓa ce wa kowa babu ba.

Ina aji biyu ya rasu. Tun daga sadakar bakwai mahaifiyata ta buɗe ƙofar gaba ɗaya. Wai duk ɓawon da aka jiƙa wa marar lafiya, ladan yana iske Baba a kabarinsa. Labari ya kai har Mile 12. 'Yan dako su zo, matan Yarabawa maƙwabtanmu su zo, kowa da addarsa, ba mai duba gabas balle yamma.

Da na dawo hutu, ko jaka ban ajiye ba na tsaya cak. Jikin bishiyar ya zama fari sol, an ɗaye shi kusan ko'ina. Abin da ya rage wani siririn ɓawo ne ta bayan katanga, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Nan take na tuna darasin malaminmu.

Na ce, "Mama, wallahi in wannan ya tafi, bishiyar nan ta mutu."

Ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana. Ta ce, "Kai wannan, daga zuwa sai mugun baki? Ɗaga kanka ka ga ganye."

Na zauna na yi mata bayani, har da zane a ƙasa da tsinke, ina zuba Turanci kamar a gaban malamin nake. Ta bar ni na gama, ta ce, "To na ji. Ɗaure abinka." Na naɗe wurin da buhu, na ɗaure da waya tamau, na koma makaranta ina jin na yi abin kirki.

Ba a daɗe ba ta kira ni. Tun daga gaisuwarta na san da magana. Ashe wata mata ce ta zo daga Ojo, mijinta na kwance ba ya ko iya shan kunu, ta durƙusa a tsakar gida tana kuka. Mama da hannunta ta kwance wayar da na ɗaure, aka ɗaye ɓawon da ya rage.

Na ɗaga murya, abin da ban saba ba. "Haba Mama! Ai na gaya miki!"

Ta ce, "Mutum na kwance rai a hannun Allah, zan tsaya lallashin itace? Da mahaifinka ne, hana ta zai yi?"

Ni ma na san ba zai hana ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne abin da ya biyo baya. Bishiyar ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba. Ganye ya yi duhu, har fure ta fitar. Duk sanda na kira sai Mama ta tsokane ni: "Gawar taka tana gaishe ka, yau ma a inuwarta muka yi tsintar shinkafa." Sai in yi dariyar dole. Na san abincin da ya kasa sauka ne ya taru a sama. Na dawo gida na yanko ƙananan rassa, na soka su sama da ƙasan raunin su zama gada, kamar yadda aka koya mana. Duk suka bushe. Raunin ya yi faɗi, ni kuma hannuna na ɗan koyo ne.

Kullum da safe tana kwara mata ruwan alwalarta, ina tsaye ina kallo. Na ci darasin nan da sakamako mafi kyau a ajinmu, amma wallahi lokacin na yi fatan a ce malaminmu ƙarya ya koya mana.

Shekara ta zagayo, ana tsakiyar damina, komai na unguwa ya yi kore, sai maɗacinmu ya fara zubar da ganye. Da wani reshe ya faɗo ya fasa kwanon rufin maƙwabci, dole aka kira masu injin yanka. Mama ta shige ɗaki ta rufe ƙofa har ƙarar ta ɗauke. Da ta fito, tsakar gidan ya yi wani irin haske marar daɗi. Ta zauna a kan kututturen, ta shafa shi. Na zaci za ta ce ashe gaskiyata ce, har ina addu'a kada ta faɗa. Sai ta ɗago ta ce:

"To yanzu me zai riƙa isa wurinsa?"

Babu wannan a cikin abin da aka koya mana. Na durƙusa gefenta muka yi kuka tare.

Yau aikin gonar nake yi, na dasa maɗatai da yawa da sunan Baba a can garinmu, kuma na sha gaya mata. Takan ce Allah ya yi albarka, amma na san ba su ne nata ba. Har yanzu ban iya cewa ta yi kuskure ba. Ni bishiyar nake son tsarewa, ita kuwa mijinta take yi wa aike, kuma da abin aiken ya zo ƙarewa ba ta ɓoye na ƙarshen ba.

Mutanen nesa da labari bai iske su ba sukan yi sallama har gobe, da 'yar addarsu a leda. Ba ta yarda kowa ya amsa sai ita. Takan ja mayafi ta je bakin ƙofa, ta daɗe tana gaisuwa, tana tambayar mai jiki, tana jan magana. A ƙarshe dai sai ta faɗi kalmar da Baba bai taɓa faɗa a ƙofar nan ba.